Ƙuri'a A Hannu, Oda A Kunne

Tun daga daren 28 ga Maris na 2022, da 'yan bindiga suka dasa wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bam, suka kashe waɗanda kwanansu ya ƙare, suka kora fiye da mutum sittin cikin daji, mai son zuwa Abuja daga Kano hanya biyu ta rage masa a lokacin. Ko ya hau jirgin sama in aljihunsa zai ɗauka, ko ya yi alwala ya bi titi. Aljihun ɗan jarida bai kai na jirgi ba, don haka da safiyar Litinin 6 ga Yuni ina tashar Unguwa Uku, a kujerar tsakiya ta wata Sharon mai jiran mutum ɗaya ta cika. Abuja na nufa, inda jam'iyyar APC za ta fitar da wanda zai yi mata takarar kujerar da Muhammadu Buhari zai bari.

Ba zancen zaɓen ake yi a tashar ba. Ranar Lahadi, jiya-jiya ke nan, an shiga cocin St. Francis da ke Owo a jihar Ondo an buɗe wa masu ibada wuta, an kashe kusan arba'in. Ana jajantawa, kowa kuma yana lissafin 'yan uwansa masu ci-rani a Kudu, don an san yadda irin wannan ke huce wa kan mai shayi da mai gyaran takalmi.

Wanda ya cika motar wani dattijo ne mai farin gemu, cikin babbar riga shuɗiya da ta sha wanki, da 'yar jaka da carbi. Daga wata jiha maƙwabciya ya zo ya kwana Kano don ya kama motar safe. Kafin mu wuce Kura na san cewa tun zamanin PRP ta Malam Aminu Kano yake siyasa, ya bi Buhari daga ANPP zuwa CPC zuwa APC, kuma yana riƙe da muƙamin jam'iyya a ƙaramar hukumarsu.

Na ce, "Ashe da daliget nake tafe, Baba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɗana, daliget ɗin da ba shi da ƙuri'a. Bana 'yan kallo ne mu, har shi Shugaban Ƙasa."

Gaskiya ya faɗa. Dokar Zaɓe da Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2022 ta ce, a sashe na 84, daliget ɗin da aka zaɓa musamman don wannan aikin su kaɗai za su jefa ƙuri'a. Sai daga baya 'yan majalisar da suka rubuta dokar suka farga cewa sun kulle ƙofa suna waje: su, da gwamnoni, da shugabannin jam'iyya, da shugaban ƙasa da mataimakinsa. A watan Mayu suka yi gyaran gaggawa suka aika fada, gyaran ya kwanta can ba sa hannu. Shi ya sa APC ta tsaya a kan mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, 774 sau uku, mutum 2,322 ke nan. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta tashi da 132, Katsina 102. PDP ma ta fi matsewa, mutum ɗaya-ɗaya ta ɗauka. Tun a ƙarshen 2021 majalisa ta so a tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe, duk mai katin jam'iyya ya bi layi, Buhari ya mayar da ƙudurin da hujjar kuɗi da tsaro. Ban ji gwamnan da ya yi kuka ba.

"To su ukun, wa ya zaɓe su?"

"An ce mu ne," in ji Baba. "Ni dai takarda aka miƙo mini, sunaye na ciki, na sa hannu."

A kujerar baya akwai wani saurayi, ɗalibin jami'a da yajin aikin ASUU ya zaunar a gida tun 14 ga Fabrairu, zai je Zuba ya taya yayansa sayar da lemo da abarba. Ya daɗe yana haɗiye magana, wajen Kwanar Dangora ta kufce masa. "Baba, da girmanka, me kuka tsinana mana? Fom ɗin takara naira miliyan ɗari, mutum sama da ashirin sun saya, mu kuma an ce ba kuɗin biyan malamai. Katin zaɓena yana nan, banki kawai nake zuwa da shi." A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, kowa a motar ya iya wannan lissafin.

Baba ya juya da ƙyar. "Yaro, ba a fushi da jam'iyya. In ka zauna a gida, ka zaɓi waɗancan ke nan ba ka sani ba." Wannan maganar na yi ta jin ta a Abuja daga bakuna iri-iri, kuma duk mai faɗin ta da ƙarfi, in ka zauna da shi kaɗan sai ka tarar da kansa yake lallashi. Baba ma bai kai Zariya ba ya sassauta murya ya fito mini da ta cikinsa. Abin da ya tsaya masa a wuya jawabin Abeokuta ne. Ranar Alhamis da ta wuce, Bola Tinubu ya tsaya gaban daliget na jihar Ogun ya ce ba don shi ba da Buhari bai ci zaɓen 2015 ba, bayan ya faɗi har sau uku, ya kuma ce yanzu lokacin Yarabawa ne, a cikinsu kuma nasa ne. Bidiyon ya zaga wayoyin Arewa da fassara iri-iri, wata ma ta fi asalin zafi. "Ko gaskiya ce," in ji Baba, "ba a yi wa mutum gori a bainar jama'a. Mu da muka kwana a rumfar zaɓe muna gadin ƙuri'a tun 2003, ina aka ajiye mu?"

Titin Kano zuwa Kaduna aikin da aka fara tun 2018 ya mayar da shi hannu ɗaya a wurare da dama, ga tireloli, ga ƙura. Mun wuce Jaji da Mararrabar Jos ana ta musu. Da muka bar Kaduna muka doshi Rijana da Katari sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo ya taka mota, Baba ya koma kan carbinsa, ɗalibin ya sa wayarsa cikin safa. Babu wanda ya sake tunawa da APC ko PDP sai da muka hangi mahaɗar Jere.

A Tafa muka tsaya salla da abinci, nan kuma wayoyi suka fara kuka kusan lokaci guda. Shugaban jam'iyya na ƙasa, Sanata Abdullahi Adamu, ya shaida wa kwamitin gudanarwa cewa Ahmad Lawan, Shugaban Majalisar Dattawa, ɗan Yobe, shi ne ɗan takarar maslaha. Baba yana tsakiyar cin shinkafa da miya ya ajiye cokali. Fuskarsa ta washe, ya ce "Alhamdulillahi, ta dawo gida," sannan kafin ya rufe baki murnar ta koma ciki. Ya tuna cewa ranar Asabar gwamnonin APC na Arewa sun fitar da takarda cewa mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas na Buhari, har suka roƙi gwamnan Jigawa, Badaru Abubakar, ya janye. Yanzu shugaban jam'iyya ya ce gabas, gwamnoni sun ce yamma, shi kuma Buhari, wanda a ƙarshen Mayu ya roƙi gwamnonin su bar shi ya zaɓi magajinsa yadda aka bar su suna zaɓen nasu, bai fito ya kama sunan kowa ba. Baba ya buga waya sau da yawa ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka, magana ɗaya aka gaya masa: a jira oda.

Kafin mu shiga Abuja ta Zuba da Kubwa, labarin ya sake juyawa. Wasu 'yan kwamitin gudanarwar sun fito sun ce ba da yawunsu ba. Gwamnonin Arewa sun shiga fada sun fito, Simon Lalong na Filato da Nasir El-Rufai na Kaduna suka ce suna nan kan bakansu. Da yamma Garba Shehu ya fitar da sanarwa cewa Shugaban Ƙasa ba shi da ɗan lele, daliget su za su yanke. Daɗin ji gare ta, wannan sanarwa. Wanda ya san su waye daliget ya san ma'anarta a bar wa gwamnoni.

Abuja ta cika ta batse. Layin mai ya nannaɗe gidajen mai, 'yan bumburutu na ɗaga jarkoki a bakin titi, otal kuwa ko na kwana da sauro babu ɗaki. Baba ya ce in biyo shi masaukin daliget na jiharsu. An killace su a wani otal, ƙofa a rufe, ƙarti biyu da takardar sunaye a hannu. Ana tsaron su kamar amarya a lalle: abinci a kawo, baƙo a tambayi daga ina, fita sai da dalili. Darajar furfurar Baba ce ta shigar da ni.

Bayan sallar isha'i, a kan tabarma a bayan otal ɗin kusa da janareta, ya haɗa ni da ɗaya daga cikin ukun ƙaramar hukumarsu. Tsohon malamin firamare ne, yanzu yana sayar da taki da maganin feshi, shekarunsa za su haura hamsin. Sabuwar shadda ce a jikinsa, ko karin guga bai baje ba, katin daliget na rataye a wuyansa yana ta juya shi da yatsa. Ya yarda mu yi magana bisa sharaɗin ba suna, ba gari.

Shi Rotimi Amaechi, tsohon ministan sufuri, yake so. Dalilinsa a fili yake: ya ga layin dogo da idonsa, ya ji an ɗora harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma a watan Fabrairu Sarkin Daura ya naɗa mutumin Ɗan Amanar Daura. "Wanda ya yi mana aiki muna gani, Malam. In an ce Kudu, to ga ɗan Kudu." Tinubu kuwa, ban da maganar Abeokuta, yana jin tsoron shekaru da lafiya, yana kuma tambayar da kowa ke yi a ɓoye a lokacin: Musulmin Kudu zai ɗauki mataimaki Kirista daga Arewa ne, ko Musulmi? Ko wanne ya ɗauka, akwai inda za a yi asara.

Na ce, "To ai ƙuri'arka ce. Ka ba wanda kake so."

Ya dube ni yadda ake duban yaron da bai san dawan garin ba. Sai ya shiga lissafa mini. Lokacin da aka yi wa maiɗakinsa aiki, maigidansa a siyasa ne ya biya. Takardar ɗaukar aiki ta babban ɗansa ta hannun mutumin ta fito. Sunansa ma da ya shiga cikin ukun nan, alhali akwai waɗanda suka fi shi daɗewa, wa ya sa? Shi maigidan kuma yana da nasa maigidan, har a kai gidan gwamnati. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da wane ido zan dube shi in an ƙirga aka ga ta jiharmu ta yi giɓi? Mu ba mu da yawa. In ƙuri'a biyar ta ɓace, kafin mu isa gida an san ta su waye."

Na tambaye shi batun kuɗi, don shi ne abin da duk ƙasar ke zance. Bai ɓoye ba, bai kuma faɗi adadi ba. "Kayan aiki kam ana kawowa, ba daga wuri ɗaya ba. Wanda ya kawo an gode. Amma ba kuɗi ke hana ni barci ba. Kuɗi in ka karɓa na mutum uku, ai dole biyu su yi haƙuri. Oda ita ce ba a yi mata haka."

Na daɗe ina juya wannan magana, don ta saɓa da yadda muke ba da labarin a jarida. Mun fi son labarin dala, kuma akwai shi. Washegari da safe na leƙa Zone 4 a Wuse, matattarar 'yan canji, mafi yawansu mutanenmu. Dala tana wajen naira 600 a hannunsu, a banki kuwa ba ta kai 420 ba. Wani da muka saba gaisawa ya nuna mini da haɓa wasu mutum uku masu sababbin huluna, suna ƙirga 'yan ɗari-ɗari sababbi fil a jikin mota, ɗayansu ko katin wuyansa bai cire ba. Ya ce tun makon taron PDP kasuwa ke ci. A wancan taron na 28 ga Mayu, a filin wasa na MKO Abiola, har jami'an EFCC sai da suka bayyana, Mohammed Hayatu-Deen kuma ya janye yana kukan cewa an mayar da abin cinikin kuɗi. A Kaduna, Sanata Shehu Sani ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba a neman takarar gwamna, ya tashi da ƙuri'a 2. Wani daliget na PDP daga kudancin jihar ya koma gida ya rarraba wa marayu da mabuƙata miliyoyin da ya samo, jaridu suka ɗauka.

Duk da haka, abin da ya yanke hukunci a taron PDP ba jakar kuɗi kaɗai ba ce. Aminu Tambuwal, gwamnan Sakkwato a lokacin, shi ne ya sake hawa mumbari bayan ya riga ya yi jawabi, ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Mutanen da suka kwana da sunan Tambuwal a baki suka juya nan take. Atiku ya sami 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. Ba wanda ya tambayi daliget na Sakkwato ko ransu ya so. A ganina nan gizo ke saƙar. Mai sayar da ƙuri'a aƙalla ya yi ciniki, ya duba ya zaɓi wanda ya fi tsoka. Wanda aka ba oda ko wannan bai samu ba.

Wata Hajiya, shugabar mata a yankinsu, ta same mu a tabarmar a daren nan, ita kuma nata damuwar daban. Ita Lawan take so, ba don ta san shi ba. "Ƙanena, PDP ta tsayar da Atiku. In muka kawo ɗan Kudu, me zan gaya wa matan da na yi shekara bakwai ina tarawa da sunan Baba Buhari? Su ba jam'iyya suka sani ba, mutum suka sani." Malamin ya ce mata ai an yi alkawari da mutanen Kudu tun 2015, su suka kawo ƙuri'ar da ta cika mudu. Ta ce ta sani, amana ce, kuma ba ta son a ce 'yan Arewa sun ci amana. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Duk yadda aka ce, haka za mu yi. Amma dai a san cewa ba a tambaye mu ba."

Ni kaina ina ganin gwamnonin sun yi daidai a kan komawar mulki Kudu. Ƙasar da aka wayi gari da gawarwakin Owo ba ta buƙatar a ƙara mata da cewa Arewa ta riƙe kujera shekara goma sha shida a jere. Sai dai daidai ɗin ma da oda aka aiko shi, ta bututun da ake aiko son zuciya. Da a ce Lawan gwamnonin suka so, da mutanen nan na kan tabarma Lawan za su rubuta, da irin wannan fuskar.

Ranar Talata da yamma aka buɗe Dandalin Eagle. An toshe titunan da ke kewaye, sai tafiyar ƙasa mai nisa, ga turereniya a ƙofa, manya da ƙanana ana matse juna. A ciki kowace jiha da rumfarta, gwamna a gaba, daliget a baya cikin anko. Makaɗa da maroƙa na aikinsu, masu tsintsiya na kaɗawa. Buhari ya zo ya zauna yana kallo, shi da ba shi da ƙuri'a. Gwamnan Kebbi, Atiku Bagudu, shi ke jagorantar kwamitin zaɓen.

Da aka fara kiran 'yan takara sai janyewa ta fara zuba. Godswill Akpabio ya buɗe fage, ya ce ya bar wa Tinubu. Ibikunle Amosun ya bi, da Kayode Fayemi, da Dimeji Bankole, da Badaru, da Ajayi Boroffice, da Uju Ken-Ohanenye, mace ɗaya tilo a cikinsu. Mutum bakwai, kowanne ya zuba miliyoyi don ya hau mumbari ya ce ya fasa. Duk wanda ya janye sai rumfar Legas ta ɓarke da kiɗa, a rumfunan Arewa kuwa sai ka ga ana raɗa daga kujerar gaba zuwa ta baya. Ba a buƙatar wani ya fassara maka raɗar.

Jawabin da ya fi tsaruwa a daren na Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ne, kuma an tafa masa har a rumfunan da ba za su ba shi ko ɗaya ba. Wani ɗan Legas da ke tsaye kusa da ni, mai Hausar Agege, ya tofar da yawu ya ce, "Butulu ne." Laifinsa shi ne ya yi wa Tinubu kwamishinan shari'a daga 1999 zuwa 2007, ta hannunsa kuma ya zama mataimaki, sannan ya zo yana neman kujera ɗaya da shi. Farfesan shari'a, mutum na biyu a ƙasa, da ma'aunin da ake auna malamin firamaren nan aka auna shi: wa ya yi maka, kuma ka rama?

Sai da dare ya raba aka fara jefa ƙuri'a, jiha bayan jiha. Sunan ɗan takara ake rubutawa a takarda, wanda bai iya boko ba a taimaka masa, kuma masu son taimakawa sun fi masu neman taimako yawa. Na hango malamin a layi, hularsa ta karkace, yana hamma. Gari ya waye ana ware takardu ana kiran suna da lasifika, suna ɗaya na ta maimaituwa har masu kiɗan ma suka gaji. Da ranar Laraba aka bayyana: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152, Yahaya Bello 47, Dave Umahi 38, Ben Ayade 37, Ahmad Sani Yariman Bakura 4. Fasto Tunde Bakare da Rochas Okorocha ko ɗaya ba su samu ba. Ɗan takarar maslahar shugaban jam'iyya bai kai ko yawan daliget na Kano da Yobe a haɗe ba.

Na sami malamin wajen wani mai shayi a bayan sakatariyar tarayya, idanunsa sun yi ja, yana tsoma burodi. Ban ma gama tambaya ba ya ce, "Na yi abin da aka ce." Ya kurɓa, ya ƙara da cewa zai yi wa jam'iyya aiki, zai liƙa fosta, zai hau mota a je kamfe, don in bai yi ba za a ce ya yi anti-fati, kuma a garinsu wanda aka liƙa wa wannan ya gama cin arzikin siyasa. "Amma ranar babban zaɓe daga ni sai Allahna. Maiɗakina da yarana kuwa, wallahi ban isa in ce musu ga wanda za su zaɓa ba. Na gwada a kan ɗan majalisa, suka yi mini wake da shinkafa."

Baba ban sake ganinsa ba, ya bi ayarin jiharsu. A waya ya ce mini, "An gama, ɗana. Jam'iyya ta yi magana, sak za mu yi." Muryarsa ba ta yi kama da ta wanda ya ci zaɓe ba.

A ranar Larabar nan ce kuma NNPP ta tabbatar da Rabi'u Musa Kwankwaso a matsayin ɗan takararta, a can filin wasan da PDP ta yi nata. Motar da na biyo zuwa gida rabinta jajayen huluna ne, kuma tun daga Zuba har Na'ibawa ba su bar kowa ya runtsa ba. Direban, wanda ya ce sau biyar yana dangwala wa Buhari, ya ce shi bana sai ya ga abin da hali ya yi.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. A watan Yuli, a Daura, Tinubu ya bayyana Kashim Shettima a matsayin mataimaki, Babachir Lawal da Yakubu Dogara suka yi tawaye. A PDP, Wike da gwamnoni huɗu suka juya wa Atiku baya har ranar zaɓe, ba a kuma iya yi musu komai ba, don kalmar anti-fati ƙaramin ɗan jam'iyya take kamawa. Zargin rashin biyayya ya yi yawo har ya kai kan Buhari kansa, musamman da canjin kuɗi ya jefa mutane cikin wahala dab da zaɓe. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, a rumfarsa ta Daura, sai da ya ɗaga takardar ƙuri'arsa sama ya nuna wa jama'a inda ya dangwala.

Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, kuma Arewa maso Yamma ce ta ba shi kaso mafi tsoka, ya ɗauki Jigawa da Zamfara. Amma a duba jihohin waɗanda suka yi ta kai-kawo a makon nan na Yuni. Kaduna ta El-Rufai, da Kebbi ta Bagudu, da Yobe ta Lawan, har da Katsina ta Buhari, Atiku ya cinye su. Filato ta Lalong da Nasarawa ta Abdullahi Adamu suka tafi wajen Peter Obi. A Kano, inda Buhari ya sami 1,464,768 a 2019, Tinubu ya tashi da 517,341, Kwankwaso da 997,279. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a ƙasar, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa yin zaɓen shugaban ƙasa da mutane suka ƙaurace wa irin wannan ba.